Ƙaguwa da Danginta na Teku

A manyan kasuwannin kifi na bakin teku, daga Legas har Boston, lobsta ita ce sarauniya. Akwai ta Amurka da Kanada mai manyan awartakai biyu, ɗaya na murƙushe ɓawon abin da ta kama, ɗaya na yanka. Wadda ta fi kowacce nauyi a tarihi an kama ta ne a gaɓar Nova Scotia a 1977, ta ɗara kilo 20. Akwai ta Turai mai duhun shuɗi. Akwai kuma mai ƙaya, wadda ba ta da awartaki sai dogon gashin baki, ita ce masunta ke samu a tekun Afirka ta Yamma. A shimfiɗe kan ƙanƙara ake sayar da su, farashin kuwa sai mai hannu da shuni. Amma a zamanin da Turawa suka fara zama a arewa maso gabashin Amurka, yawanta ya sa ta zama abincin talaka, har takin gona ake yi da ita.

Mutumin garin Keana bai saba ganin wannan sarauniya ba, amma danginta na nan kusa da shi, a bakin rafi da cikin fadama. Ƙaguwa ce. Ita da lobsta da jatan lande gidansu ɗaya: ƙafafu goma, ƙashi a waje, tsoka a ciki, jini kuma mai ruwan shuɗi saboda sinadarin tagulla da ke cikinsa. Duk cikinsu wanda ya shiga tafasasshen ruwa sai ya fito ja ko ruwan goro, domin zafi ne ke warware abin da ya ɓoye jan launin da ke cikin ɓawon.

Ai ma teku ba baƙo ba ne a Keana. Masana duwatsu sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce ruwan teku ya malale kwarin Binuwai. Ruwan gishirin da matan Alago ke tacewa suna dafawa a ƙasar Keana, da na Awe da Azara, daga duwatsun wancan zamanin yake ɓuɓɓugowa. Tekun ya janye ya bar gishiri, ƙaguwa kuwa ta koyi zaman ruwan daɗi, kuma koyon nan ya canza mata haihuwa. Ƙaguwar teku kan zubar da dubban ƙananan tsutsotsi ruwa ya tafi da su. Ta rafi ƙwai kaɗan take yi, manya, ta rungume su a ƙarƙashin faffaɗan murfin cikinta har su ƙyanƙyashe, su fito da kamanninta sak. Da murfin nan ake gane jinsi: na mace faffaɗa ne, na namiji siriri. Mutanen Akan na Gana kan ce ƙaguwa ba ta haifar tsuntsu, mu kuma muka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tafiyarta ta kaikaice ita ta jawo mata suna, har wanda ke kewaye-kewaye a zance akan ce yana tafiyar ƙaguwa. Ba munafunci ba ne, gaɓoɓin ƙafafunta ne suka fi sauƙin lanƙwasawa ta gefe. Kai ma ba ta da shi a fili, idanu kawai a kan 'yan sanduna. A Gana ana cewa yawan abokai ne ya hana ta samun kai, wai ta tsaya hira ranar da ake rabo.

Duk yaron da ya taɓa zura hannu a raminta ya san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ramin yakan bi laka ya gangara har inda danshi yake, a nan take fakewa da rani. In ka damƙe ta ta ƙafa, sai ta tsinke ƙafar ta bar maka, ta tsere. Wata za ta tsiro mata a lokacin saɓa, domin ɓawonta ba ya girma, dole ta tuɓe shi ta yi sabo. A 'yan kwanakin nan jikinta laushi ne, ko tsuntsu na iya gamawa da ita, sai ta lafe. Gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Mai sulke ma yana da ranarsa.

Ɗan uwanta jatan lande kuwa a mudu yake zuwa. Kirafish ɗin da ake daka wa miyar agushi da ta kuɓewa a Lafiya ƙananan jatan lande ne na gaɓar teku, da yawa daga wajen Oron a jihar Akwa Ibom, an ƙyafe su da hayaƙi. Wanda ke ƙyamar ƙaguwa a rafi, yana shan romon danginta bai sani ba. A mazhabar Malikiyya dai dabbobin ruwa halal ne, ƙyamar ta al'ada ce.

Sai dai akwai sharaɗi guda. Ƙaguwar ruwan daɗi na iya ɗaukar wata tsutsa mai shiga huhu, ta sa tari da jini har a zaci tarin fuka ne. An ga yawaitar cutar a gabashin Najeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwar da ba ta dahu ba. Don haka iyaye, idan yara sun kamo ta, kada a bar su su babbaka ta sama-sama a bakin rafi. A kawo ta gida, a dafa ta har ciki.