Yadda Ake Gyara Lotsewar Mota Ba Tare Da An Ɓata Fenti Ba

Ranar kasuwa mota takan sha wuya. Amalanke ya goge ta, babur ya buge ta, ko sa ya tunkuyi ƙofarta. Sai a wayi gari jikinta ya lotse. Lotsewar ƙarama ce, amma idan aka yi mata mugun gyara, wurin zai fita daban kamar faci a jikin sabuwar riga. Ranar da za a sayar da motar, dillali zai nuna wurin, ya karya mata kuɗi. Idan kuma aka bar ta ba gyara, tsatsa tana iya cinye ƙarfen.

Direbobin ƙauye da yawa sukan kawo irin wannan aiki cikin birnin Kano. Akwai garejoji a Fagge da Kwakwaci. Akwai shagunan fenti a Sabon Gari, wajen Kasuwar Abubakar Rimi da titin France Road. Masu neman ƙofa ko bamba ta gwanjo kuma sukan nufi Ƙofar Ruwa. Kafin mai mota ya kama hanya, ya kamata ya san abin da zai nema.

Yadda jikin mota yake

Ƙarfen jikin ƙaramar mota bai kai kaurin milimita 1 ba. Shi ya sa ba ya da wuyar lotsewa. A kansa akwai fenti hawa-hawa. Na farko shi ne faraima, wanda yake kama ƙarfe ya hana tsatsa. Na biyu shi ne launi. Na uku wani ruwa ne mara launi, mai sa ƙyalli. Duka ukun idan aka haɗa, kaurinsu bai fi na takardar littafi ba sosai.

Yawancin tsofaffin motoci, irin Peugeot ɗin da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, launinsu da ƙyallinsu a haɗe suke. Motocin yanzu kuwa suna da hawa na ukun. Dole mai fenti ya san wane iri ne a gabansa.

Fentin kamfani ana gasa shi da zafi mai yawa, fiye da wanda gareji zai iya bayarwa. Saboda haka ya fi na gareji ƙarko. Duk gyaran da zai bar fentin kamfani a wurinsa, shi ne gyara mafi kyau.

A fara dubawa

A wanke wurin da ruwa da sabulu. A tsaya a gefe a dube shi da hasken rana. A shafa da yatsa. Abu uku ake nema:

1. Fentin ya tsage ko ya ɓare?
2. Lotsewar mai faɗi ce kamar gindin ƙwarya, ko kuwa ta karye ta yi kaifi?
3. Hannu ko ƙarfe zai iya kaiwa bayan wurin?

Idan fenti bai tsage ba, lotsewar ba ta yi kaifi ba, kuma ana iya kaiwa bayanta, to ba a bukatar sabon fenti.

Gyara ba tare da fenti ba

Mai gyaran jikin mota, wato fanel bita, zai cire rufin cikin ƙofa. Zai zura dogon ƙarfe mai santsin baki ta baya. Sai ya riƙa tura wurin kaɗan-kaɗan, yana kewaya shi, har ƙarfen ya koma yadda yake. Inda ya tashi da yawa, sai ya mayar da shi da ƙaramar guduma mai bakin roba. Idan babu hanya ta baya, akan manna wata 'yar roba da gam a kan wurin, a ja ta waje. A Amurka da Turai, da wannan dabara ake gyara motocin da ƙanƙara ta lotsa.

Aikin yana son haƙuri. Sauri kan haifi nawa. Bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya tsaga fenti, ko ya miƙar da ƙarfen ya yi tozo.

Kada mai mota ya yarda a hura wa ƙaramar lotsewa wutar walda. Wuta tana ƙona fentin waje, tana kuma ƙona abin da yake kare ƙarfen ta ciki. Daga nan tsatsa take farawa.

Bamba ta roba tana da sauƙi. Akan zuba mata ruwan zafi ta yi laushi, a tura ta daga baya, sannan a zuba ruwan sanyi ta tsaya.

Idan fenti ya tsage

A nan dole a yi fenti. Da farko a buga ƙarfen ya koma daidai gwargwadon iko. A kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito. Sannan a shafa fila, wato ƙullin da yake cike ramin da ya rage.

Fila ta gyaran fuska ce kawai. Bai kamata kaurinta ya wuce milimita 3 ba. Malalacin ma'aikaci yakan ƙi buga ƙarfe, ya cika ramin da fila. Hanyar ƙauye mai gargada za ta girgiza ta, ta tsage, ta faɗo.

Bayan fila ta bushe sai a goge da samfefa. Samfefa tana da lamba a bayanta. Mai lamba 80 tana da kaushi, da ita ake farawa. Sai mai lamba 180, sai 320. Kafin a fesa launi, akan goge faraima da mai lamba 600 ko 800. Idan lamba ta ƙaru, laushi ya ƙaru.

Yadda ake samun launi daidai

Nan ne aiki ya fi ɓaci. Fari ba iri ɗaya ba ne. Ja ma haka. Kowace mota tana da lambar fentinta, wadda kamfani ya rubuta. Ana samunta a wata 'yar takarda ko ƙarfe a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota, lambar tana bayan haruffan C/TR. Misali, 040 fari ne, 202 baƙi ne, 070 kuma fari ne mai ɗaukar ido. Mai mota ya kwafi lambar a takarda, ya kai wa mai haɗa fenti.

Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, zafin rana yana kodar da fenti, musamman ja. Motar da ta shekara goma a rana ba ta da launin da ta fito da shi daga kamfani. Na biyu, wasu motocin 'yan Kwatano an riga an sake musu fenti kafin su iso.

Saboda haka akan kwance murfin wajen zuba mai, a goge shi fes, a tafi da shi shagon fenti. Mai haɗawa zai riƙa gwadawa da shi. Idan ya gama, kada a fesa a jikin mota tukuna. A fesa a kan guntun kwano, a bari ya bushe, domin fenti yana sauya launi idan ya bushe. Sai a kara kwanon a jikin motar, a waje, da rana. Hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido. A duba ta gaba, a duba ta gefe. Idan bai yi ba, a sake haɗawa.

Gwanin mai fenti ba ya tsayar da feshi a kan iyakar gyara. Yakan riƙa rage shi a hankali, har sabon launi ya narke cikin tsoho. Sannan ya bi dukan ƙofar da ruwan ƙyalli. Launin azurfa da sauran masu walƙiya sun fi wuya. Wani lokaci sai an ɗan taɓa ƙofar da take kusa kafin su saje.

Lokacin da ya dace

Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, ya yi kaushi. A yi feshi a cikin rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ranar hadari kuma laima tana sa fenti ya dushe. Kada a yi feshi a kan ƙarfen da rana ta gasa. Bayan an gama, a riƙa wanke wurin da ruwa da tsumma mai laushi kawai. Kada a shafa masa man ƙyalli sai bayan wata ɗaya.

Lafiyar masu aiki

Tina da fenti suna kama wuta nan da nan. Kada a sha taba ko a yi walda kusa da su. Tururinsu yana cutar da huhu. Sinadarin da ake zubawa don fenti ya yi tauri yana iya jawo ciwon asma. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare shi. Shan madara bayan aiki ma ba ya wanke shi. Abin da yake kariya shi ne takunkumin feshi mai matata, da wuri mai iska. Iyayen da suka kai yaro koyon wannan sana'a su tabbata maigidansa ya ba shi takunkumi.

Kafin a biya kuɗi

Mai mota ya nemi ganin wata motar da ma'aikacin ya gama. A yi ciniki tun farko: kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da ranar karɓa. A rubuta a takarda a gaban shaida. Wannan ya fi muhimmanci ga direban haya, wanda kowace rana a gareji asara ce gare shi. Kada a karɓi mota da dare. A karɓe ta da rana, bayan an wanke ta.

Mai sayen tsohuwar mota kuma ya tafi da ɗan mayen ƙarfe, irin na tsohuwar rediyo. Ya naɗe shi a tsumma, ya riƙa ɗora shi a jikin ƙofofi. Inda ya kama ko'ina amma ya saki a wuri ɗaya, akwai fila mai kauri a ƙasa. Sai dai ba ya kama roba ko alminiyam, don haka ba a gwada shi a kan bamba.

Araha ba ta ado. Wanda ya biya gwani sau ɗaya ya fi wanda zai biya ɗan koyo sau biyu. Allah ya kiyaye hanya.