Wa Ya Taɓa Ƙwaƙwalwar Keken Hajiya?

Ana saura mako biyu Sallah, keken kwamfuta na wani shagon ɗinki a Fagge ya fara gardama. Sai ya ɗinka ɗan layi lafiya lau, can sai zare ya cukuikuye a ƙasa, a ji ƙas-ƙas, ya tsaya cak, allonsa ya nuna alamar matsala. Ga yadudduka jibge, ga masu kaya suna ta bugo waya.

Hajiya mai shagon ta zauna ta yi lissafin abin da ya canza a 'yan kwanakin nan, ta ga abu ɗaya ne tak. Yarinyar da take koyon ɗinki a wurinta ta zo da wani ɗan faranti mai maganaɗisu, wanda ake watsa masa fil ya riƙe, ta ajiye shi a gefen keken.

"Ke 'yar nan, ba a gaya miki maganaɗisu yana shafe ƙwaƙwalwar keke ba?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. Aka jefa faranti cikin durowa, aka kunna keke. Matsala tana nan daram. Hajiya ta ce shi ke nan, ɓarnar ta riga ta auku, aka aika a kira mai gyara.

Dattijon da ya zo bai buɗe jakarsa ba tukuna. Ya ce, "Hajiya, a nuna mini zanukan da ke cikinsa." Aka latsa allo, zanuka suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɓata, babu wanda ya canza kama. Ya ce to, ƙwaƙwalwa ta fita daga zargi. Kekunan yanzu suna ajiye bayanansu ne a irin ma'adanar da ke cikin waya da filashi, wadda take riƙe bayani da cajin lantarki, kuma maganaɗisun gida ba ya iya goge ta.

Hajiya ba ta gamsu ba. Ai ba ita kaɗai ta san wannan gargaɗi ba, manyan teloli ma suna faɗa. Malamin ya ce suna da gaskiyarsu, amma gaskiyar ta wani zamani ce. Tun da kamfanin Singer ya fito da keken Touchtronic 2001 a 1978 ake sa kwamfuta a keken ɗinki, kuma daga shekarun 1990 kekunan surfani da yawa sun riƙa karɓar zane ta faifan fulofi mai inci uku da rabi. Shi wannan faifai da maganaɗisu ake rubuta masa bayani, don haka maganaɗisu mai ƙarfi yana iya hargitsa shi, tela ya wayi gari zanen da ya sha wahala a kai ya tafi. Kamfanin Sony ya daina yin fulofi a 2011, amma tsoron bai tafi tare da faifan ba. Wanda har yanzu yake aiki da tsohon keke mai fulofi, shi kam gargaɗin yana kansa.

Sai aka koma kan allo da moto. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ce launinta yake jirkicewa in an kusanta mata maganaɗisu, allon keke kuwa irin na waya ne, ba ruwansa. Motocin da suke tafiyar da allura da firam su ma da maganaɗisu a cikinsu suke juyawa. Har ma akwai firam ɗin surfani da ake sayarwa musamman, wanda maganaɗisu mai ƙarfin gaske ne yake matse yadi a cikinsa, kuma a ƙarƙashin allura yake wuni.

Saura wuri ɗaya da malamin ya ce ba ya wasa da shi. Wasu kekuna suna gane inda allura take, ko yadda aka taka feda, ta wata 'yar na'ura mai jin maganaɗisu, wadda take aiki bisa abin da Ba'amurke Edwin Hall ya gano a 1879. In aka manna ƙaƙƙarfan maganaɗisu a jikin keke daidai inda take, tana iya ruɗewa ta aika saƙon da ba shi ba. Ya tambayi yarinyar, "'Yata, a jikin keken kika liƙa shi?" Ta ce a'a Baba, a kan teburi ne, ta nuna wurin, wajen taƙi guda daga keke. Ya girgiza kai. Ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai: in aka ɗan matsa daga gare shi, duk ninka nisa sau biyu yana mayar da ƙarfin kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ban da haka, ruɗewar na'urar tana ƙarewa ne da zarar an ɗauke maganaɗisun, ga shi kuwa faranti yana durowa, keke bai warke ba.

Yana cikin wannan bayani idonsa ya kai kan almakashin Hajiya. Fil guda biyu suna reto a bakinsa, babu abin da ya riƙe su. Ya ɗaga almakashin, ya kaɗa a hankali, ɗaya ya faɗo. Nan take ya ɗauko sukundireba, ya kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ya ciro ƙoshiya, ya haska tocila. Can a lungu, cikin ƙurar zare, ga wani fil a lanƙwashe, manne da ƙarfen da yake kewaya ƙoshiya. Ya riga ya yi wa ƙarfen 'yar ƙarzuwa, a nan zare yake maƙalewa.

Yanzu labari ya haɗu. Fil ɗin ƙarfe da ya kwana a kan maganaɗisu yakan ɗauki ɗan maganaɗisu shi ma. Sai ya liƙe wa almakashi, almakashi ya kai shi bakin allura wajen yanke zare, ya sulale ta murfin ƙoshiya da aka bari a buɗe, ya samu ƙarfe ya kama. Malamin ya cire shi, ya goge ƙarzuwar da lallausan sanfefa, ya share ƙura, ya sa sabuwar allura. Keke ya ɗauki ɗinki tiryan-tiryan.

Ba na son wannan labari ya sa kowa ya jefar da farantinsa. Tela mai cika baki da fil yana cikin haɗarin haɗiye shi, kuma fil a ƙasa ƙafar yaro yake jira. Farantin yana maganin duka biyun, sharaɗinsa kaɗan ne. A ajiye shi a kan teburi, taƙi guda ko fiye daga keke, kada a liƙa shi a jikinsa. Madaidaicin ɗinki mai maganaɗisu, wanda ake mannawa kusa da allura, sai an duba littafin keken an ga ya yarda. A rufe murfin ƙoshiya, a duba bakin almakashi kafin a kai shi wurin allura. A nisanta farantin da fulofi da katin banki mai baƙin layi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ya bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da kowane maganaɗisu, ƙananan maganaɗisu kuwa a ɓoye wa yara, don haɗiye biyu kawai yana iya huda hanji. In kuma keke ya fara gardama, a buɗe ƙarƙashin allura a duba kafin a ɗora wa ɗan koyo laifi.