Man gyaran fata mai "feftid": ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

A Tenhiya, cikin gundumar Tanut ta ƙasar Damargu, ba shekaru kaɗai ke tsufar da fuska ba. Macen da ke yini a bakin rijiya tana shayar da bisashe, zafin bazara yana dukanta, iskar hunturu kuma tana busar mata da fata. Yau ga tallar mayukan shafawa tana iso wa mata ta wayar salula, kwalabe kuma suna bin hanyar Kano da Damagaram. A jikin wasu an rubuta "peptide", tare da alkawarin ɗaure fatar da ta saki. Mene ne gaskiyar lamarin?

Abin da ke riƙe fata shi ne wani sinadari mai kama da zare, wanda ake kira kolajen. Da zarar mutum ya balaga ya kai ƙarfi, yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 nasa kowace shekara. Mace kuwa tana iya rasa kashi 30 cikin shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Daga nan fata ta soma yamushewa. Feftid guntayen irin wannan zare ne. Masu haɗa shi suna fatan idan ya ratsa fata, jiki zai ɗauka kolajen ne ya tsinke, sai ya saƙa sabo.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. A 1973 wani masani Ba'amurke, Loren Pickart, ya gano feftid ɗin GHK a cikin jinin ɗan Adam. Wajen 2000 kamfanin Sederma na Faransa ya fito da Matrixyl, wanda ya bazu a duniya. A 2005 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi kan mata 93 har mako 12: ƙananan layukan fuska sun ragu, amma kaɗan. Sai dai dukan matan Turawa ne, kuma masu binciken ma'aikatan kamfanin da ke sayar da man ne. Wata matsalar ita ce, fata shinge ce. Yawancin feftid ba ya ratsa ta da sauƙi. Shi ya sa babu man shafawar da ke ɗage kumatun da suka riga suka zubo.

Abin da aka tabbatar ya fi wannan araha. A Ostireliya, binciken da aka buga a 2013 kan mutum 903 ya nuna masu shafa man kariya daga rana kullum, tsufan fatarsu ya ragu da kashi 24 cikin 100 a shekara huɗu da rabi. Baƙar fata tana da nata garkuwa, amma ba cikakkiya ba. Ashe lulluɓi da malafa da rawanin da mutanen Damargu suka gada ba ado kaɗai ba ne. Man kaɗe da man aduwa kuwa, ko da ba su ƙara kolajen, suna tsare danshin fata a lokacin hunturu.

Babban haɗarin yana cikin kwalbar da ba a san asalinta ba. Mayukan da ke alkawarin ƙuruciya da hasken fata lokaci guda sukan ƙunshi idrokinon ko kortikoyid. Na biyun yana sa fata ta yi siriri, ta tsattsage, rauni ya ƙi warkewa. Wato yana gaggauta tsufan da aka biya kuɗi don a kora. Tarayyar Turai ta hana idrokinon cikin kayan shafawa tun 2001, Kodibuwa ta hana mayukan canza launi a 2015. Mai ciki kuma ta nisanci duk man da aka rubuta "rétinol" a jikinsa.

A karkarar da farashin tiyar hatsi ke hana magidanta barci, jika biyar ba abin wasa ba ce. Wadda ta ga dama ta sayi mai feftid, ta neme shi a farmasi, ta sa a karanta mata abin da ke ciki, kada kuma ta jira abin al'ajabi. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani.