Ƙirga Garke da Sauraron Muryarsa: Hanyoyin Bincike Biyu ga Ɗaliban Digiri na Biyu

'Yan'uwa, kowace shekara ikilisiyoyinmu suna tura ma'aikata ƙaro ilimi a JETS ta Jos, ko TCNN ta Bukuru, ko Jami'ar Bayero ta Kano, sau da yawa da kuɗin baikon talakawa. Darasin da ya fi ba su tsoro shi ne na hanyoyin bincike. Wasu kan lallaɓa su ci jarrabawarsa, amma idan lokacin rubuta kundi ya zo sai su rasa inda za su kama. Bari mu duba abin a sauƙaƙe.

Hanya ta fari ita ce bincike na ƙididdiga. Tambayarta ita ce: nawa ne? Mai bincike yakan tsara takardar tambayoyi iri ɗaya ga kowa, ya tattara amsoshi, ya lissafa su da kwamfuta ta amfani da Excel ko SPSS. Ba sai ya tambayi kowa da kowa ba. Uwar gida ba ta shanye miya domin ta ji gishiri. Takan juya tukunya ta ɗanɗana kaɗan. Amma sai ta juya ɗin. Ɗalibin da ya raba takardunsa ga masu zuwa sujada ranar Lahadi kaɗai, alhali yana neman sanin waɗanda suka daina zuwa, ya ɗanɗana saman tukunya ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce bincike na hira da lura. Tambayarta ita ce: don me, kuma ta yaya? A nan mutane kaɗan ake zama da su, a yi doguwar hira, a rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, sa'an nan a yi ta karantawa har a gane batutuwan da suke ta maimaituwa.

Ƙasarmu tana da kyakkyawan misali. A 1949 da 1950, wani masani ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya bi garuruwan ƙasar Zazzau yana lissafin abin da magidanta suke nomawa, da abin da suke samu, da abin da suke kashewa. Littafinsa ya fito a 1955. A daidai wannan lokaci matarsa, Mary Smith, ta zauna a Giwa da wata tsohuwa guda ɗaya, Baba, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, garin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Rogo. Daga hirarsu aka sami littafin Baba of Karo a 1954. Lissafin maigidan ya nuna yadda tattalin gida yake tafiya. Labarin Baba kuwa ya buɗe abin da namiji baƙo ba zai iya shiga ya gani ba: zaman kishiyoyi, da ƙawance, da goyon 'ya'ya, da tsoron mahara a zamanin bauta. Kowane aiki ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Ƙidayar 2006 ta nuna mutum fiye da 140,000 a Karaye, fiye da 200,000 kuma a Rogo, amma ba ta tambayi addini ko ƙabilar kowa ba. Saboda haka idan muna son sanin yawan yaranmu da ba sa makaranta, ko gwauraye nawa ke cikin gundumarmu, mu ne za mu ƙirga. Idan kuwa muka yi ƙirgen da ka, ko muka kumbura rahoto domin a yabe mu a taron shekara, za a gina majami'a inda ake bukatar rijiya.

A ce wani fasto ya lura matasa sun ragu. Da hanya ta fari zai duba rajistar ikilisiyoyi goma na shekara biyar, ya ga ko raguwar gaskiya ce, a wane wata take tsananta, maza ne ko mata. Wataƙila ya tarar bayan kaka ne. Nan lissafi ya tsaya. Sai ya zauna da matasa goma sha biyar ya saurare su. Mai yiwuwa cin rani ne yake kai su Kano ko Zariya; mai yiwuwa kuma wani rikici ne da dattawa wanda ba wanda zai rubuta shi a takardar tambayoyi. Maganin na farko dabam, na biyu dabam. Haɗa hanyoyin biyu a aiki ɗaya abu ne da malaman jami'a suka amince da shi, in dai ɗalibi yana da lokaci da ƙarfinsa.

Ga shawara huɗu ga mai shirin farawa. Na ɗaya, tambayarka ce za ta zaɓa maka hanya. Kada ka gudu zuwa hira don kana tsoron lissafi, gama juye hirar sa'a ɗaya a takarda yakan ci sa'o'i da yawa. Na biyu, juya tambayoyinka zuwa Hausar da manomi yake ji, ka gwada su a kan mutum biyar tukuna. Na uku, tuna kai fasto ne: membobi za su so su faɗa maka abin da zai faranta maka rai, don haka wani lokaci gara ka yi aikin a ikilisiyar da ba taka ba. Na huɗu, nemi yardar mutum kafin ka ɗauki muryarsa, ka ɓoye sunansa, kada kuma asirin da ya ba ka ya zama misali a wa'azin Lahadi.

Luka ya shaida a farkon Bishararsa cewa sai da ya bi diddigin al'amura a wurin shaidun gani da ido kafin ya rubuta. Makiyayin da ke cikin sura 15 ta littafin nan kuwa, da ƙirge ya gane ɗaya ta ɓace, amma da ƙafarsa ya je ya samo ta. Ubangiji ya ba ɗalibanmu haƙurin yin duka biyu cikin gaskiya. Amin.