Wa Ake Kaiwa Asibiti, Wa Ake Kaiwa Gidan Yari?

A watan Oktoban 2003, Rush Limbaugh, wanda a lokacin babu mai shirin siyasa a rediyon Amurka da ya kai shi masu sauraro, ya faɗa da bakinsa cewa ya kamu da jarabar ƙwayoyin kashe ciwo, waɗanda ya fara sha bayan tiyatar ƙashin baya. Nan take ƙura ta tashi, domin shi ne a 1995 ya ce duk wanda ya karya dokar miyagun ƙwayoyi a yanke masa hukunci a tura shi kurkuku. Da abin ya zo kansa, wurin jinya ya nufa. A 2006 masu gabatar da ƙara a jihar Fulorida suka tuhume shi da yaudarar likita don samun ƙarin magani, sai aka sasanta: ya biya dala 30,000, ya ci gaba da jinya na wata 18, aka janye tuhumar. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Abokan hamayyarsa suka kira shi munafuki. Suna da hujja, sai dai sun tsaya a kan mutum ɗaya, alhali baki biyun yana rubuce a cikin dokar ƙasar.

Dokar da majalisar Amurka ta kafa a 1986 ta tanadi ɗaurin shekara 5 dole ga wanda aka samu da safarar giram 5 na dunƙulalliyar hodar iblis, wadda ake kira kirak, mai araha, ta unguwannin talakawa. Wanda yake da garin hodar, irin ta masu hali, sai ya kai giram 500 kafin wannan hukunci ya hau kansa. Sinadari ɗaya ne, ma'auni ya ninka sau 100, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗaure kan kirak baƙaƙen fata ne. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa 18, ba a ma goge ta ba.

Ana tsakiyar wannan kame ne kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalan Sackler, ya fito da OxyContin a 1996. Wakilansa suka riƙa bin likitoci ofis-ofis suna cewa tun da ƙwayar a hankali take narkewa, da wuya ta kama mutum. Masu sha kuwa ba su daɗe ba suka gano cewa in an daka ta, ƙarfin awa 12 yana zuwa a lokaci guda. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar jama'a, shi da manyan jami'ansa uku suka biya sama da dala miliyan 600, babu wanda aka ɗaure. A 2020 ya sake amsa wasu laifukan. A 2021 kaɗai, sama da mutum 100,000 suka mutu a Amurka sanadin shan ƙwaya fiye da ƙima, akasarinsu ta hanyar fentanil, wani dangin OxyContin.

Wani zai ce ai akwai bambanci tsakanin majinyacin da likita ya rubuta wa magani da wanda ya je lungu neman maye. Akwai, a ranar farko. Bayan watanni kuwa jiki bai san takardar likita ba. Sinadarin OxyContin da heroyin dangi ne, wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa, kuma in aka daina, gumi ɗaya ne, amai da zawo da ciwon gaɓɓai iri ɗaya. Shi ya sa da aka sauya ƙwayar a 2010 ta yi wuyar dakawa, da yawa suka koma sayen heroyin a titi. Majinyacin jiya shi ne ɗan ƙwayar yau.

Wani kuma zai ce munafuncin mai magana ba ya rushe maganarsa: likita mai shan taba in ya ce taba na kisa, gaskiya ya faɗa. Haka ne. Amma abin dubawa a nan shi ne zaɓin da Limbaugh, mai kuɗi da lauyoyi, ya yi ranar da ransa ke kan layi, kuma binciken likitoci ya goyi bayan zaɓin nasa. Magungunan jinya irin su metadon suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Kurkuku kuwa yana rage juriyar jiki ba tare da ya cire jarabar ba, don haka makonnin farko bayan sakin fursuna suna cikin mafi haɗari a rayuwarsa: ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Waɗanda suka ce a ɗaure Limbaugh don a yi adalci sun juya lissafin. Abin da ya samu ne ya kamata kowa ya samu.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalaben nan ba yaron da ake kamawa a kango ne ya sarrafa su ba, ba shi ya fito da su daga tashar jirgin ruwa ba. Hukuma ta bi sawun mai kwantena da mai lasisin da ya sayar ta bayan fage, ta tsananta musu. Yaron kuwa, ko ɗan waye, a kai shi wurin likita.