Kafin a Ɗaura Aure a Jamus

Yau Jamus muka nufa, ƙasar da ba a ɗaura wa baƙo aure sai ya kawo shaidar cewa bai baro wani auren a gida ba.

A garuruwanmu wa zai tambaye ka takarda? Unguwa ta san tuzuru, ta san bazawara, ta san wadda ta fita idda. Waliyyai su zauna, a faɗi sadaki, a raba goro, shi ke nan. To, ma'aikacin ofishin rajistar aure na Berlin bai ci goron kowa ba. Dokarsu ta ce ka kawo takarda daga hukumar ƙasarku, wadda ba ta wuce wata 6 ba, mai tabbatar da cewa babu abin da ya hana ka aure. Najeriya ba ta bayar da irinta, don haka sai shugaban babbar kotun yankin ya ɗauke maka wannan sharaɗi, bayan ya duba rantsuwar da aka yi a kotu cewa ba ka da aure.

Ku saurari wannan da kyau. Tun shekarar 2000 ofishin jakadancin Jamus ya daina buga wa takardun Najeriya hatimin amincewa. Lauya yake ɗauka, kuma kai ne za ka biya. Lauyan nan zai iya zuwa har makarantar firamaren da ka yi, ya buɗe tsohuwar rajista, ya shiga gidanku, ya tambayi maƙwabta: wane yana da mata? Ka ga an zagaya an dawo wurin mutanen unguwa! Ni dai ina ganin sun fi hatimi sanin gaskiya, amma binciken kan ci watanni, amarya na jira.

Mai mata ɗaya da ke shirin ƙari kuwa, ya yi hattara. Abin da Shari'a ta halatta masa a Kano laifi ne a Jamus, da ɗaurin da ka iya kai shekara 3.

Masu gaggawa kan tsallaka Denmak, inda takardun suka fi sauƙi, har ƙaramin tsibirin Ero ya yi suna wajen ɗaura wa baƙi aure. Tun 2019 hukuma guda ce ke tantance takardun a Denmak.

Lokaci ya ƙure mana. 'Yan Nijar, taku takardar shaidar rashin aure a ofishin magajin gari take. Sai mako mai zuwa.