Wutar Sassabe a Tsaunukan Chittagong: Laifin Wa?

A tsaunukan Chittagong da ke kudu maso gabashin Bangladesh, ƙabilun Chakma da Marma da Mro sun gaji wani noma da ake kira jum. Ana sassabe gangaren tsauni a watan Janairu ko Fabrairu, a bar itacen ya bushe, sannan a cinna masa wuta wajen Maris ko Afrilu, gab da faɗuwar damina. Babu huɗa, babu kaftu. Da bakin adda manomi ke tona ɗan rami, ya jefa iri a cakuɗe: shinkafar tudu, masara, auduga, riɗi da kabewa. Bayan girbi ɗaya ko biyu sai ya ƙaura gaba, gonar ta zama saura. Hukumomi sun daɗe suna ɗora wa wannan noma laifin ƙarewar daji da zaizayar ƙasa, alhali cutar tana ga gajartar hutun da ake ba gonar, kuma ba manomi ne ya zaɓi hakan ba.

Toka na ba ƙasa sinadaran da shuka ke so, tana kuma rage mata tsami, sai dai amfaninta bai wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. Abin da ke maido da ƙarfin ƙasa shi ne hutu. Kututturan da aka bari suna tohowa, gora ta rufe gangare, saiwoyi su riƙe ƙasa, ganye ya zuba ya ruɓe. A da saura kan huta shekara 15 zuwa 20, yau a wurare da yawa bayan uku ko huɗu an dawo mata. Mai neman dalili ya dubi madatsar ruwan Kaptai da aka kammala a 1962 a kan kogin Karnaphuli. Tafkinta ya haɗiye kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin huɗa na yankin, ya tashi mutane kimanin 100,000, akasarinsu 'yan Chakma. Manoman kwari da dama suka haura tsauni, aka killace wasu dazuzzuka, daga baya kuma gwamnati ta tsugunar da baƙi daga filayen ƙasar. Fili ya ƙuntata, dole aka koma wa saura tun ba ta farfaɗo ba.

Mai suka zai ce ko ma mene ne sanadi, ɓarnar a fili take: ruwan sama na kwashe ƙasar gangare ya cike rafuka da laka, namun daji na ƙaura, hayaƙi na gurɓata iska. Gaskiya ne, kuma jama'ar yau sun fi ƙarfin tsarin kakanninsu. To amma me aka kawo a madadinsa? Itacen katako na tik da Turawan Ingila suka fara dasawa a yankin ba ya barin ciyawar kirki a ƙarƙashinsa. Citta da kurkur kuwa sai an tone gangare kafin a cire su, ƙasar ta zauna a sake tana jiran ruwan farko ya tafi da ita. Manomin jum ko kaɗan bai tone ƙasa haka ba.

Gyara na yiwuwa ba tare da hani ba. A ƙauyen Khonoma na jihar Nagaland a Indiya, manoman Angami na barin wata bishiya mai ƙara wa ƙasa taki a gonakinsu, kamar yadda manomin Hausa ke barin gawo. Rassanta kawai suke sarewa, ta sake tohowa, sai hutun 'yan shekaru ya wadatar. Sai dai ba mai renon bishiya a gonar da za a iya ƙwace masa gobe. Don haka matakin farko na ceton waɗannan tsaunuka shi ne doka ta tabbatar wa mazaunansu mallakar ƙasarsu, har da saurar da ke hutawa.